Nazarin mata da jinsi a jami'a: me ake koyarwa, kuma ya cancanci a yi digiri na biyu a kai?

“Assalamu alaikum Malama. Na gama digirina na farko a Soshiyoloji, na yi bautar ƙasa, yanzu ina so in koma in yi digiri na biyu a nazarin mata da jinsi. Da na faɗa wa Abbanmu sai ya ce bai yarda ba, wai karatun Turawa ne da aka kawo don a raba mata da mazajensu da addininsu, har ya ji an ce auren jinsi ake koyarwa a ciki. Yayana kuma ya ce ko an bar ni, ba aikin da zan samu sai na ƙungiyoyin agaji. Don Allah me ake koyarwa takamaimai? Akwai gaskiya a tsoron Abba? Kuma akwai abinci a ciki?” (Wata ɗaliba daga Funtuwa)

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa wa karatu albarka. Tambayoyi uku kika ɗaure wuri guda: me ke cikin fannin, ko yana karo da addini, sannan ko zai riƙe ki. Na daɗe ina koyar da Soshiyoloji a wata jami'a ta Arewa, ina kuma duba kundayen ɗaliban da ke bincike a kan mata, don haka daga abin da na gani a bakin aiki zan amsa miki. Abin da Abba yake gudu ba shi za ki tarar a aji ba. Amma fannin yana da ciwonsa na daban, yayanki kuwa ya ɗan taɓo wurin ko da bai sani ba.

Inda aka faro

A matsayin kwas mai zaman kansa daga Amurka ya taso, a 1970 aka buɗe shirin nazarin mata na farko a San Diyego. Nan Abba ya faɗi daidai. Sai dai Soshiyolojin da kika karanta ma daga wajen Turawa ya zo, ba kuwa wanda ya hana ki shi. Abin dubawa shi ne me aka yi da karatun bayan ya iso hannunmu.

Tun da wuri matan Afirka masu bincike suka ƙi yarda a riƙa ari bakinsu ana ci musu albasa. A 1977 suka kafa ƙungiyarsu ta AAWORD a Dakar, babban kukansu kuwa shi ne baƙi na zuwa su leƙa su koma, sannan su rubuta wa duniya ko wace ce macen Afirka. A Najeriya, abin da mutane da yawa ba su sani ba, a Zariya aka fara. Taron ƙara wa juna sani da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello a 1982 shi ya haifi ƙungiyar mata ta WIN (Women in Nigeria), wadda su Ayesha Imam da Bene Madunagu ke ciki. Ra'ayin gurguzu ke tashe a Zariya a lokacin, shi ya sa WIN ta fi mayar da hankali kan talauci da rabon arziki, har maza ma tana karɓa a cikinta. Mata Musulmi masu ilimi kuma suka ɗauki tasu hanyar, aka kafa FOMWAN a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amirar farko. Farfesa Bolanle Awe ta buɗe cibiyar bincike a kan mata ta WORDOC a Jami'ar Ibadan a 1987, Jami'ar Makerere ta Yuganda ta kafa sashe guda na nazarin mata a 1991, sannan a 1996 Amina Mama, wadda haifaffiyar Kaduna ce, ta tara malaman jami'o'i a Kaduna don tsara abin da ya kamata a koyar a ƙasar nan. Yau Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Nazarin Jinsi, wadda Suwaiba Sa'id Ahmad ta shugabanta kafin a naɗa ta ƙaramar ministar ilimi a 2024. Ife da Ibadan su ma suna da nasu.

Na jero miki waɗannan ne don ki ga tun asali ba baki ɗaya ake magana ba. Akwai 'yan gurguzu, akwai masu kafa hujja da Alƙur'ani da Hadisi, akwai masu bin yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma har yau gardamar ba ta mutu ba.

Abin da ake yi a aji da bayan aji

Za ki yi kwas a kan ra'ayoyin masana, ki yi dabarun bincike, sannan a raba sauran: tattalin arziki, lafiya, shari'a, siyasa, ilimi, tarihi, rikici da gudun hijira. Duk da yawansu tambaya ɗaya suke zagayawa: a wannan gari, a wannan gida, wa ke yin wane aiki, wa ke riƙe da kuɗi da gona, wa ke yanke shawara, kuma me wannan tsarin ke jawowa? Tambayar ba ta mata kaɗai ba ce. Saurayin da lefe ya hana shi aure har ya haura talatin da biyar, da almajirin da ya tashi ba ya kusa da uwarsa, da magidancin da ya rasa aiki yana jin kunyar shiga gida, duk abin nazari ne a wannan fanni.

Bari in nuna miki da abin da muke gani in mun fita da ɗalibai. Mai ƙidaya namiji zai zo ƙofar gida a cikin birni, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya tambayi maigida sana'ar matarsa, maigida ya ce ba ta komai, tana gida. Ya rubuta. Ke kuma ki shige ciki ki tambayi matar da bakinta, ita ma ta ce miki ba ta komai. In kika tsaya nan kin tashi a tutar babu. Sai ki gyara zama ki ce, to Hajiya, jiya bayan sallar asuba me kika fara yi? Nan za ta ce ta hura wuta ta soya ƙosai, yarinya ta fita da shi kafin a tafi makaranta. Da hantsi ta murza taliya ta shanya a igiya. Ga firji, in an kawo wuta tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Tana zubin adashi biyu, na mako da na wata. Akwai tumaki da ta ba ƙanwarta kiwo a ƙauye. Gado da katifa da jeren da aka kai wa babbar 'yarta kuwa, ba da kuɗin maigida aka saya ba. A takardar mai ƙidaya duk wannan an rufe shi da “matar gida”, kuma da irin takardar nan ake tsara wa mata rance da tallafi.

Wannan ba sabon gani ba ne. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 a kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin ɗakunansu, hatsi da mai da abinci suna yawo gida-gida ba tare da sun taka kasuwa ba. A shekarun 1970 Enid Schildkrout ta bi sawun yaran Kano ta nuna cewa su ne ƙafafun wannan ciniki. Kin ga ma'anarsa? Duk wanda ya ce a hana talla a kai yarinya makaranta, bai kuwa tanadi hanyar da uwar za ta fitar da kayanta ba, to shirinsa ba zai yi nisa ba, don jarin uwar da kayan ɗakin yarinyar ya taɓa. Mai iya wannan binciken shi ne zai hango matsalar kafin a kashe kuɗi.

A ɓangaren lafiya ma haka. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya tsakanin 1976 da 1979, suka fitar da sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne mutuwa ta fi auka wa matan da ba su zo awo ba, ba su kuma yi karatun boko ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su. Daga baya, a 1994, masana suka raba jinkirin da ke kashe mai naƙuda gida uku: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Likita na iya maganin zubar jini, kamar gwajin da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta shiga, wanda a 2023 ya nuna an rage mummunan zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi 60 cikin 100. Amma dalilin da ya sa mace ta kwana tana naƙuda saboda maigida ya tafi cin rani ba wanda zai ba da izinin fita, wannan ba aikin likita ba ne, namu ne. Daga irin wannan bincike aka fito da shawarar maigida ya ba da izini tun ciki na ƙarami, ya kuma ajiye kuɗin mota. Ba a taɓa aure ba, ba a taɓa addini ba, an dai ceci rai.

Tsoron Abba

Ba zan ɓoye miki ba. A jami'o'in Turai da Amurka batun masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi yana cikin fannin, kuma za ki ci karo da shi a rubuce-rubucen da za a ba ki. Za ki karanta waɗanda ke ganin addini kowane iri danniya ne ga mace, da masu ganin aure kansa tarko ne. Amma ai a Soshiyoloji kin karanta Karl Marx da abin da ya ce a kan addini, kika rubuta jarrabawa kika ci, ba ki kuwa fasa sallah ba. Sanin ra'ayi daban, ɗaukarsa daban. A jami'o'inmu na nan kuwa, ko ba don dokar 2014 da ta haramta auren jinsi ba, abin da ke gaban malamai da ɗalibai shi ne mutuwar mata wajen haihuwa, da yoyon fitsari, da yawan saki, da 'yan matan da ba sa makaranta.

Sannan maganar ilimin mata da haƙƙinsu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis, wato mata jagorori, ta ɗora musu malfa, su ɗauki waƙoƙin karantarwa su kai wa matan ƙauye. In ɗan yi gefe: kusan duk kundin da ya zo gabana sai na tarar da sunanta a babi na ɗaya, an kafa ta garkuwa an wuce. Kaɗan ne suka zauna suka karanta abin da ta rubuta, balle su je Sakkwato su ga abin da ya rage na 'Yan Taru. Kar ki zama cikinsu.

Misalin da ya fi kusa da ke a garinku yake. A Maris 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa bisa zargin zina, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da shi a Agusta, sai a Satumbar 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a da ke Katsina ta soke shi. Duniya ta yi ta aiko da takardun zanga-zanga, har ƙungiyar kare haƙƙin mata ta BAOBAB, wadda Ayesha Imam ke cikin waɗanda suka kafa ta, ta roƙi a daina, don suna ɗauke da kurakurai suna kuma harzuƙa mutane. Abin da ya yi aiki a kotu hujjoji ne daga cikin fikihun Malikiyya: haƙƙin janye iƙirari, da ƙa'idojin tuhuma da ba a cika ba, da batun kwantaccen ciki. Wato masu nazarin mata da suka san shari'ar da suke magana a kai su suka yi amfani, ba masu ihu daga nesa ba.

A nan iyakata take. Ni ba malamar fikihu ba ce, ba na ba da fatawa, kuma bai kamata wani sashen jami'a irin namu ya ɗora wa kansa wannan ba. Abin da muke iyawa shi ne auna tazarar da ke tsakanin abin da hukunci ya ce da abin da ake yi. Shari'a ta ba 'ya mace rabonta na gado, to a ƙauye kaza mata nawa ne suka karɓi gonarsu a hannu, nawa aka bar wa 'yan'uwa maza “su riƙe musu”? An ce a ciyar da mace a idda, a kotun unguwa kaza zawarawa nawa suka samu? Akwai kuma wuraren da ake karo na gaske, ba na rashin fahimta ba. Yarjejeniyar CEDAW ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan hana nuna wa mata bambanci, wadda Najeriya ta amince da ita a 1985, tana neman daidaito a al'amuran iyali ta hanyar da ba ta jitu da rabon gadon Musulunci ba, kuma irin wannan saɓani na cikin abin da ya kayar da ƙudurin daidaiton jinsi a Majalisar Dattawa a Maris 2016. Za a kawo miki wannan a aji. Ba wanda zai tilasta miki ɓangare, amma dole ki san hujjar kowa kamar yadda mai ita zai faɗe ta.

Inda ciwon yake

Kuɗin bincike a jami'o'inmu kaɗan ne, mafi yawan abin da ke shigowa wannan fanni daga masu ba da tallafi na waje yake. Mai kuɗi kuwa shi ke zaɓen take. Bana a ce auren wuri, baɗi a ce cin zarafi, sai kowa ya karkata can. Wata ƙungiya ta taɓa ba ni aikin bincike, na tarar an riga an rubuta shawarwarin ƙarshe tun kafin a je ko'ina, ana so in nemo musu kalaman mata da za a liƙa. Wannan ba bincike ba ne, kuma shi ke ba masu irin ra'ayin Abba hujja.

Cutar ta shiga kundayen ɗalibai. Take ɗaya ake juyawa: ƙalubalen da mata ke fuskanta a ƙaramar hukuma kaza. A buga takardar tambayoyi da Turanci, mai zaɓi biyar daga “na yarda sosai” zuwa “ban yarda ba sam”, a tsaya a kan tsohuwa ana fassara mata a tsaitsaye. Ita kuma don kunya da son a rabu lafiya ta ce haka ne. A dawo a ce an gano talauci da jahilci da al'ada ne sila, a ba gwamnati shawarar ta wayar da kan jama'a. Macen Bahaushe a irin wannan rubutu kullum abar tausayi ce, ba ta da dabara, ba ta da ƙawa, ba ta da jari. Labarin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a 1949 da 1950, da aure-aurenta da ƙawayenta da kishiyoyinta da sana'arta, har yau ya fi da yawan kundayenmu nuna mace mai rai.

Alhali ga abubuwa jibge suna jiran mai zama ya saurara. Islamiyyun matan aure da yadda suka sauya magana tsakanin miji da mata. Dillalai da 'yan adashi. Matan da ke kasuwancin atamfa da turaren wuta ta WhatsApp daga ɗakinsu, waɗanda waya ta maye musu gurbin yaron talla. Auren zawarawa da Hisbar Kano ta fara a 2012, ina auren suka kwana? Matan da 'yan bindiga suka kashe wa maza a Zamfara da Katsina, da me suke ciyar da marayu? Rijistar kotunan shari'a cike take da ƙararrakin hul'i da ciyarwa. In tarihi ne ya ja ki, ga gidan adana takardu na ƙasa da Arewa House a Kaduna, ga rayuwar Gambo Sawaba da reshen mata na NEPU, ga yadda aka yi matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976.

Maganar abinci

Yayanki yana da rabin gaskiya. Ƙungiyoyin agaji su suka fi ɗaukar masu wannan takarda, aikinsu kuwa na kwantiragi ne, ranar da tallafi ya tsaya ya tsaya. An gani a 2025 da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ayyuka da dama suka rufe a Arewa. Akwai dai ma'aikatun mata da na lafiya da na ilimi, akwai cibiyoyin bincike, akwai jarida, akwai bankunan ƙananan rance. Amma duk inda kika je ba sunan digirin ake saya ba, abin da hannunki ya iya ake saya. Ki koyi ƙididdiga har ki iya buɗe bayanan NDHS, wato binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu, ki ciro abin da kike so da kanki. Ki iya yin hira da Hausa, ki rubuta ta kalma da kalma, ki fitar da ma'ana. Ki iya rubutu mai tsabta. In kina da Larabci da ajami kin fi wasu, in kika ƙara Faransanci Maraɗi da Damagaram sun buɗe miki.

Zaɓin ya danganta da inda kika nufa. In koyarwa a jami'a kike so, ki sani sassa sun fi ɗaukar wanda digirinsa ya bi layi ɗaya, cibiyoyin jinsi kuwa yawancin malamansu aro suke daga wasu sassan. Ga mai wannan buri, ni na fi son ta yi digiri na biyu a Soshiyoloji, ta yi kundinta a kan mata, ta riƙa zuwa tarukan cibiyar. In aikin ma'aikata ko ƙungiya kike hange, digirin jinsin kai tsaye ko difloma ta gaba da digiri za ta yi. Kafin ki sayi fom ki tambaya ko digirin na bincike ne ko na ma'aikata, don na biyun ba ko'ina ake karɓarsa wajen neman digiri na uku ba. Ki kuma binciki wanda zai duba miki aiki fiye da yadda za ki binciki sunan jami'ar: ki nemi abin da ya rubuta ki karanta, ki tambayi tsofaffin ɗalibansa ko yana karanta babi in an kai masa.

Shi kuwa Abba, kar ki ja da shi, kar kuma ki je masa da kalmomin taron bita. Ki samo jerin kwasa-kwasan daga sashen ki fassara masa ɗaya bayan ɗaya. Ki faɗa masa takamaiman abin da za ki bincika, misali me ke hana mata karɓar gadonsu na gona a ƙauyukan da ke kewaye da Funtuwa, don uba ya fi saurin gane tambaya irin wannan. In akwai malami ko gwaggo da yake jin maganarsu, ki sa su a tsakani, in da hali ma a haɗa shi da ɗaya daga malaman sashen su yi magana. In duk da haka ya tsaya a kan bakansa, ki nemi gurbi a Soshiyoloji ki yi bincikenki a kan matan. Takardar ba za ta ɗauki sunan da yake gudu ba, gidajen da za ki shiga da tambayoyin da za ki yi kuwa ba za su canza ba.